Tattalin Robar Silikon Bayan An Buɗe Ta



Sharhinmu na yau a kan wani ɗan abu ne wanda idan aka dubi girmansa sai a ce bai isa a zauna a yi magana a kansa ba, amma idan aka dubi yawan kuɗin da ke salwanta ta dalilinsa a gidajenmu da shagunanmu kowace shekara, sai a ga lalle ya cancanci a ba shi lokaci. Ina nufin gam ɗin nan da ake kira silikon, wanda ake sayarwa cikin doguwar roba mai tsinin baki, ana ɗora ta a bindigarta a matsa. Mas'alar ita ce: mutum ya sayi roba guda, ya yi aiki da kaɗan, ya ajiye sauran, ranar da buƙata ta sake tasowa ya ɗauko ya tarar ta sandare. Mene ne sababin haka, kuma mene ne maganinsa? Ku ba ni aron kunnuwanku.

Bari mu fara da yadda abin ya shigo mana a Gozaki da kewaye. Gozaki tsohon gari ne mai tarihi a ƙasar Katsina, wanda aka san shi da noman auduga tun zamanin da, kuma magabatanmu da suka zauna cikin soraye da shigifu ba su rasa dabarar tsare ɗakunansu daga ruwan sama ba. Suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Kuma kowace shekara, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, maigida kan kira magini ya duba rufi da indararo, domin sun riƙe maganar nan cewa da sabon gini gara yaɓe. To, zamani ya juya. Rufin kwano ya yawaita, tagogin aluminiyam da gilashi sun shigo, tankin ruwa ya hau kan gini, injin ban-ruwa ya sauka fadama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da gaɓa ko rami inda ruwa ko mai ke neman hanya, kuma a nan ne silikon ya karɓi aikin da makuba da laso suke yi a da. Bambancin shi ne, makuba a dawa take, silikon kuwa sai an tafi kasuwar Funtuwa ko ta Malumfashi an fitar da kuɗi, ga kuɗin mota a kai.

Yana da kyau kuma mu san asalinsa, ko da a taƙaice ne. Tushensa yashi ne, daga cikinsa ake fitar da sinadarin da ake gina shi a kai. Wani masani ɗan Ingila mai suna Frederic Kipping, wanda ya ƙarar da shekarunsa yana bincike a birnin Nottingham, shi ya raɗa wa wannan dangin sinadarai suna a shekarar 1901. Daga baya, a 1940, Eugene Rochow na kamfanin General Electric a Amurka ya gano hanyar sarrafa shi da yawa, sa'an nan aka kafa kamfanin Dow Corning a 1943 domin wannan sana'a. Fa'idarsa da ta sa duniya ta rungume shi ita ce, bayan ya kama, ba ya jin ruwa, ba ya jin rana, yana miƙewa yana komawa tare da kwano idan zafi ya buɗa shi ko sanyi ya tsuke shi.

To, yanzu ga jigon maganar, kuma ina roƙon a saurara da kyau, gama wanda ya fahimci wannan ya fahimci sauran duka. Da yawa daga cikinmu muna zaton silikon bushewa yake yi, kamar yadda laka ko fenti ke bushewa idan ruwansu ya fita. Alhali kuwa al'amarin akasin haka ne. Laimar da ke cikin iska ce ke shiga jikinsa, ta haɗu da sinadarinsa, ta ɗaure shi ya zama roba. Laima ce ke kama shi. Duk magidancin da ya taɓa ajiye buhun siminti a ƙasa cikin damina, ya dawo ya tarar ya zama dutse ba tare da ɗigon ruwa ko ɗaya ya zuba a kansa ba, ya riga ya ga irin wannan aiki da idonsa. Saboda haka muddin robar tana rufe yadda kamfani ya rufe ta, abin da ke ciki yana nan da taushinsa. Daga sa'ar da wuƙa ta yanke bakinta kuwa, iska ta sami ƙofa, kuma aikin kamawa ya fara ke nan, ko ana so ko ba a so.

Akwai alama da hanci ke shaidawa. Wani silikon, idan aka matso shi, sai a ji wari mai tsami mai shiga hanci irin na ruwan khal. Wannan tsamin shi ne abin da ke fita daga jikinsa sa'ad da laima ke shiga. Irin wannan ya dace da gilashi da tayil, amma yana cin ƙarfe, yana sa kwano tsatsa, kuma ba ya zama lafiya a kan siminti. Akwai kuma wanda ba shi da wannan tsami, shi ne ya dace da rufin kwano da jikin gini. Amma dukansu biyu hukuncinsu ɗaya ne wajen ajiya: laima ce ke kama su.

Wani abin lura kuma, kamawar daga waje take farawa ta nufi ciki, kuma a hankali take tafiya. Cikin 'yan mintoci samansa zai yi fata, amma a kwana guda abin da ke kamawa bai wuce kaurin milimita biyu zuwa uku ba. Wannan albishir ne, jama'a. Ma'anarsa ita ce, robar da aka ɗauko aka ga bakinta ya toshe, sau da yawa bakin ne kaɗai ya mutu, cikinta yana nan da rai. Za mu dawo kan wannan nan gaba kaɗan.

Sai mu dubi yanayin ƙasarmu, domin kowane lokaci na shekara yana da nasa hukunci a kan wannan roba. A hunturu, sa'ad da iska ta bushe har leɓe ke tsagewa, buɗaɗɗiyar roba takan daɗe ba ta sandare ba, kuma wannan ne ke yaudarar mutane su ɗauka ba sai an rufe ba. Amma da zarar ruwa ya sauka, musamman a watan Agusta lokacin marka, sa'ad da tufafi ke kwana a igiya ba su bushe ba, gishiri kuma ke jiƙewa a cikin kwano, robar da aka bari haka nan ba ta jimawa. Abin takaici kuwa, a daidai wannan lokaci ne rufi ke yoyo, aka fi buƙatarta. Ita kuma bazara tana da tata illa dabam, wadda ta fi ɓoyuwa. Zafi mai tsanani yana tsufar da silikon tun yana cikin robarsa, ko an buɗe ko ba a buɗe ba, har ya kai ga ya tsinke, mai ya rabu da shi, ko kuma ya fito da kyaun gani amma idan aka shafa ya ƙi kamawa, ya zauna yana danƙo kwana da kwanaki. Ashe ke nan ɓarnar iri biyu ce: ko laima ta sandarar da shi, ko zafi da tsufa su kashe masa ƙarfi.

Daga nan sharuɗɗan ajiyarsa suka fito, guda uku ne, kuma zan maimaita su domin su zauna. A toshe masa iska. A raba shi da laima. A nisanta shi da zafi.

To, yaya za a cika waɗannan sharuɗɗa a aikace? Tattalin yana farawa tun kafin a buɗe. Mai hankali, kafin ya sa wuƙa a bakin roba, yakan zaga gidansa ya ƙididdige wuraren da ke buƙata: kan ƙusoshin rufi da suka saki, gefen taga, bakin bututun tanki, wurin wanke hannu, ya share su, ya goge ƙura da tsatsa, ya bari su bushe, sa'an nan ya buɗe ya bi su a zama ɗaya. Idan aikinsa kaɗan ne, sai ya sayi ƙaramar nan mai kama da ta man goge baki, ko ya yi shawara da maƙwabcinsa su haɗa kuɗi su raba roba guda a yini guda, wanda a cikinsa akwai sauƙi, akwai kuma ladan zumunci. Wajen yankan tsinin kuma, kada a zarce. A yanka kaɗan daga ƙarshe gwargwadon faɗin gaɓar da za a cike, gama ƙaramar ƙofa ta fi babba sauƙin rufewa.

Mu zo kan lokacin da aka gama aiki, wanda shi ne lokacin da akasarin asara ke aukuwa, domin mutum ya gaji, rana ta yi, hankalinsa ya koma kan abinci ko salla, sai ya jingine bindigar a lungu da niyyar zai dawo. Kada a jinkirta. Da farko a danna ɗan ƙarfen nan na bayan bindiga domin sandar ta saki, in ba haka ba silikon zai ci gaba da tsiyaya shi kaɗai. A cire robar daga bindiga. A kwance dogon tsinin, a goge bakin robar da tsumma busasshe. Sai a sami leda mai kauri wadda ba ta huje ba, a ninka ta biyu, a shimfiɗa a kan bakin, a mayar da tsinin a kanta a murɗa har ya ɗaure. Ledar nan ta zama shamaki tsakanin iska da abin da ke ciki. A ra'ayina wannan ita ce hanya mafi inganci, kuma ba ta cin ko sisi. Abin da ya rage cikin tsinin kuwa, a bar shi ya kama. Bayan 'yan kwanaki za a zare shi ya fito sumul, tsinin ya koma kamar sabo.

Akwai waɗansu hanyoyin da masu sana'a ke bi, kuma adalci ne a faɗi amfaninsu da aibinsu. Waɗansu sukan matso ɗan dunƙule kamar ƙwayar gyaɗa su bar shi a bakin tsini ya kama, ya zama murfi da kansa. Wannan ya wadatar idan za a koma aiki gobe ko jibi, amma idan aka daɗe kamawar za ta yi ta bin tsinin har ta isa ciki. Waɗansu sukan cusa ƙusa. Ƙusa ita kaɗai ba ta isa ba, domin iska na bi ta gefenta, kuma idan silikon mai tsami ne zai sa ta tsatsa, tsatsar ta ɓata launinsa; in dai za a yi da ƙusa, to a sami wadda ta cika ramin, a naɗe ta da baƙin salatif na masu gyaran wuta, a ja shi sosai. Waɗansu kuma sukan cika bakin da basilin kafin su naɗe, kuma yana hana iska ƙwarai, da sharaɗin a matse na farko a zubar ranar aiki, gama silikon ba ya kama wurin da ke da maiƙo. Kowace aka zaɓa, manufa ɗaya ce: a toshe masa iska.

Saura wurin ajiya. Bayan an rufe baki, a tuna robar tana da ƙofa ta biyu a gindinta, inda sandar bindiga ke turawa, kuma iska kan saci hanya ta nan idan an daɗe. Don haka a saka robar gaba ɗaya cikin wata leda a ɗaure, ko cikin tsohon bokitin fenti mai murfi. Idan an sami ƙananan ƙunshin nan da ake tararwa cikin kwalin sabon takalmi ko na magani, waɗanda aikinsu shan laima ne, a jefa su ciki. Kada a soke ta a ƙarƙashin kwano, inda muka saba soke lauje da takardu, domin nan ne wuri mafi zafi a ɗaki. Kada a bar ta cikin akwatin babur ko gaban mota. Kada kuma a ce za a nema mata sanyi a gindin randa ko a makewayi, gama an gudu daga zafi ne an faɗa laima. Wurin da ya dace shi ne cikin ɗaki, a inuwa, a busasshen wuri, sama da ƙasa kaɗan, inda hannun yara ba ya kaiwa. A raba shi da laima. A nisanta shi da zafi.

Duk da wannan tattali, jama'a, kada mu manta kowane abu yana da ajali. Galibin kamfanoni sukan ba robar da ba a buɗe ba wa'adin kimanin shekara guda, kuma sukan buga kwanan wata a jikinta ko a gindinta. Wajibi ne mai saye ya duba tun a shago, kada araha ta ruɗe shi ya ɗauko wadda ta shekara biyu tana shan rana a kan tebur. Wadda aka buɗe kuwa, a rubuta ranar buɗewa a jikinta, a yi niyyar ƙarar da ita cikin 'yan watanni. Kuma kafin a hau rufi da tsohuwar roba, a jarraba ta. A matso kaɗan a kan kwali da yamma, a ajiye. Idan da safe an taɓa an ji ya zama roba mai tsalle a ƙarƙashin yatsa, to lafiya lau. Idan har yanzu yana manne wa hannu, to ta mutu, kada a wahalar da kai, domin cire silikon da ya ƙi kamawa daga jikin kwano ya fi shafa shi wuya.

Na yi alkawarin komawa kan robar da aka tarar bakinta ya toshe. Kada a yi saurin jefar da ita, kuma kada a yi ta matsa kunamar bindiga da ƙarfi, gama silikon zai ɓalle ta baya ne ya ɓata bindigar da hannu. A kwance tsinin, a tura abin da ya sandare da waya ta ƙaramin bakin, ya fito ta babban. Idan kamawar ta shiga wuyan robar, a murɗa sukuru a cikinta a jawo, za ta fito kamar toshiyar kwalba, mai taushi yana ƙarƙashinta. Idan ta yi nisa ƙwarai, dabara ta ƙarshe ita ce a tsaga robar ta gefe, a kwashe mai kyaun da ɗan itace, a yi aiki da shi a ranar.

Ga 'yan'uwana makanikai, masu gyaran babur da injin ban-ruwa da injin niƙa, ku ma maganar ta shafe ku, domin jan gam ɗin nan ko ruwan toka da kuke shafa wa murfin inji dangin silikon ne, kuma laima ce ke kama shi. Ku goge zaren bakin kafin ku mayar da murfi, ku matso shi daga gindi kuna naɗewa domin kada iska ta zauna a ciki, kuma ku raba shi da akwatin kayan aikin da ke wuni a rana.

La'alla wani mai saurare zai ce, duk wannan bayani a kan rabin roba? Amsata ita ce, arzikin manomi da mai sana'a ba ya zuwa a dunƙule, kuma ba ya tafiya a dunƙule. Da kaɗan-kaɗan yake taruwa, da kaɗan-kaɗan yake zurarewa. Kuɗin da aka sayi robar nan daga masara ko waken suya ko auduga ya fito, an sha rana kafin a same shi. Malamanmu sun karantar da mu cewa shari'a ta hana tozarta dukiya da almubazzaranci, ba su kuwa ce hanin ya tsaya a kan dukiya mai yawa kaɗai ba. Bayan haka, asarar ba ta tsaya a kan kuɗin roba ba. Wanda ruwa ya fara zubo masa da dare, ya ɗauko robarsa ya tarar ta sandare, kafin ya je kasuwa ya dawo, buhunan hatsi sun jiƙe, silin ya ruɓe, katifa ta lalace.

Kalma ta ƙarshe ga masu sana'a: kafinta, da mai aluminiyam, da mai gyaran famfo. Idan maigida ne ya sayi silikon, abin da ya rage amanarsa ce a hannunku. Ku rufe masa shi yadda ya kamata, ku miƙa masa, ku nuna masa inda zai ajiye. Kuma kada ku shafa wa mutum silikon da kuka san ya mutu domin kawai ku karɓi lada ku tafi, gama wannan ha'inci ne, kuma ruwan farko zai tona shi. Ku iyayengiji masu yara a ƙarƙashinku, ku koya musu rufe roba kamar yadda kuke koya musu riƙon guduma.

Jama'a masu saurare, iyayena maza da mata, abin da nake roƙo ɗan kaɗan ne. Yau ɗin nan, kowa ya duba lungun ɗakinsa ko shagonsa. Idan akwai buɗaɗɗiyar roba, ya nemi leda ya rufe ta, ya sauya mata wuri, ya kuma gaya wa maƙwabcinsa abin da ya ji. A toshe masa iska, a raba shi da laima, a nisanta shi da zafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu ikon tattalin abin da Ya hore mana, Ya sa albarka a cikin kaɗan da mai yawa.